Wankan Tarwaɗa Aka Ce, Fara Sol Aka Kawo

Maman Ikilima, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na ƙarar da datata wajen kallon kashi na farko na fim ɗin nan mai dogon zango da aka ɗauko daga littafin da muka yi watanni muna bi a wannan zaure, kuma wallahi da takaici na kwana. Tun a babin farko marubuciyar ta ce yarinyar wankan tarwaɗa ce, siririya mai wushirya, wadda ke tallar awara a bakin tasha. Sai ga shi an kawo mana wata fara sol, da gashin ido na kanti da lalle har gwiwar hannu, wai ita ce ke wuni a rana gaban kasko. Saurayin kuma da aka ce shekararsa 27, an ba wa mutumin da ya isa aurar da 'ya. Shin masu shirya fina-finan nan suna karanta littafin kuwa kafin su raba matsayi?

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam. Yaya, ki yi haƙuri, amma ina ganin ke ce ba ki fahimci kalmar ba. Wankan tarwaɗa ai fari ne wanda bai kai sol ba, don haka jarumar nan ta dace da matsayin, kuma duk masana'antar babu mai kyan idonta.

Malamin Hausa, Pantami: Ɗana, a nan ka kauce. Bahaushe yana da fari tas, yana da baƙi wuluk, sannan ya ajiye wankan tarwaɗa a tsakaninsu, ga wanda ba za a kira shi fari ba, ba kuma za a kira shi baƙi ba. Wanda ya ce fari ne ya ja kalmar gefe guda, haka ma wanda ya ce baƙi ne. Ka dubi ita kanta tarwaɗar, bayanta da duhu, cikinta da haske.

Mai Kifi, Dadin Kowa: Allah gafarta Malam, a fagen littafi ba na ja da kai, amma a kan tarwaɗa ina da ta cewa, domin tun ina yaro nake sarin kifi a bakin madatsar ruwan nan ta kogin Gongola. Launin tarwaɗa yana bin ruwan da ta tashi a ciki, wata ta yi duhu ƙwarai, wata ta yi toka-toka, sai dai ban taɓa ciro fara daga kwando ba. A ganina abin da aka duba shi ne sheƙinta da santsinta idan ta fito daga ruwa, wato fata mai duhu wadda take ɗaukar ido. Ɗan Bolari ya zo in nuna masa, kuɗin mota kawai zai kashe.

Ɗan Bolari: Baba, da girmanka, sayar da kifi bai mai da mutum masanin harshe ba. A unguwarmu duk wadda aka ce wa wankan tarwaɗa mai haske ce.

Anti Nas, Tudun Wada: Dalilin da ya sa kake ganin haka, ƙanena, shi ne ma'aunin ya gurɓace. Mayukan canza launin fata sun cika kasuwa har wadda jiya ake kira fara yau ta koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗar kuma ta koma baƙa. A wurin aiki muna ganin abin da mayuka masu sinadarin haidirokwinon da makuri suke yi: fata ta yi siriri, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa da wuri, makuri kuma har ƙoda yake taɓawa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kai. Idan kowane fim ya nuna cewa fara ce kaɗai ake so, me kuke zaton 'yan matanmu za su saya?

'Yar Herwagana: Anti, wannan shaguɓe ne, kuma ba mu yarda ba. Ba kowace fara ce ke shafa mai ba. Nan Gombe ce, gidaje nawa ne za ki shiga ki tarar da farare tun daga kaka har jika? Jarumarmu haka Allah ya yi ta, sauran kuma hasken fitilar ɗaukar hoto ne. Masu baƙin ciki sai dai su yi haƙuri.

Anti Nas, Tudun Wada: Ban ambaci kowa ba, ƙanwata. Wanda ya tsargu shi ya san dalili.

Hajiya Babba, daga Bauchi: Ku yaran yanzu fata kawai kuke kallo. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar, littafin marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, zuwa fim, kuma abin da ya riƙe mai kallo shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada. Kamala da kwarjini ake nema a fuskar ɗan wasa a wancan zamani. Mu a Bauchi mun san darajar labari, tunda marubucin namu ne, kabarinsa ma yana cikin garinmu.

Ɗan Bolari: Hajiya, kowace magana aka ɗauko sai kin kai ta Bauchi. Tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi aka yanke mana cibiya, a bar mu mu yi gardamar tarwaɗarmu.

Hajiya Babba, daga Bauchi: Ko an yanke cibiya, uwa tana nan a matsayinta, ɗan nan.

Maman Ikilima, Jekadafari: Ikon Allah. Na kawo kuka a kan an sauya mana mutanen littafi, an bar ni da kifi da rabon jiha. Har yanzu babu wanda ya ce uffan game da dattijon da aka sa wa ƙaramar riga aka ce saurayi ne, kuma babu wanda ya gaya mini yadda mai tallar awara ta samu kuɗin wancan lalle.

Mai Kula da Zaure, Kumbiya-Kumbiya: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun amince cewa wankan tarwaɗa ya fi kusa da fari, kamar yadda Malam ya yi bayani, saboda haka zaɓen jarumar bai saɓa wa littafin ba, kuma kowa ya shaida cewa ta yi kyau ƙwarai, musamman a fitowarta ta biyu da shuɗin mayafi. Batun shafa mai ba shi da hujja, don haka na goge shi daga lissafi. Maganar saurayi kuma a bar ta sai kashi na biyu ya fito. Na rufe zaure sai da safe.

Malamin Hausa, Pantami: Kafin ka rufe, Alhaji, ni ban ce ya fi kusa da fari ba. Ka koma sama ka sake karantawa.