"Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya": har da lissafin yara?

Maman Ummi: Jama'a, malamin 'yata ya ce kullum bayan Magariba ta riƙa biya jadawalin sau, ko na minti goma ne, har ya kafa min hujja da wannan karin magana. Ni dai na san masu adashi ake faɗa wa ita. Ta dace da lissafi kuwa?

Tsohon Hedimasta: Ta dace, 'yata. Ƙanƙantar allura ake nufi, wato aiki kaɗan amma ba fashi. Kafin naira ta zo a 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 fam ɗaya. Yaron da bai haddace sau sha biyu ba, ko aiken kasuwa sai ya gagare shi. Duba bayan littafin rubutun Ummi, har yau jadawalin sai ya kai 12.

Malamar Aji Uku: Baba, a gafarce ni, ina da ja. Allurar nan gini take yi, kullum tana ƙara nitsawa. Ina da yaran da ke rera "bakwai sau takwas, hamsin da shida" tiryan-tiryan, amma in ka juya ka ce takwas sau bakwai, sai su koma su faro daga takwas sau ɗaya. Wannan karatun aku ne. Murafen kwalba nake ba su, su jera layi bakwai na takwas-takwas, sannan su zagaya ɗaya gefen su ga layi takwas na bakwai-bakwai. Daga nan maimaici yake amfani.

Gardi: Malama, a tsangaya ba a wanke allo sai an biya, kuma ga tishi. Hadda ke gaba, fassara ta biyo baya.

Malamar Aji Uku: Gaskiya ne Malam, amma shi lissafi ba ya jiran yaro ya girma. Gobe ma za a aike shi sayen manja.

Ɗan Maraɗi: Mu nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5. 'Yar talla ta san dala ashirin sefa 100 ce, ba allo ba alli, don kullum a kai take. Ku riƙa ba su canji su ƙirga.

Maman Ummi: To ta ina zan faro mata?

Malamar Aji Uku: Sau biyu, sau biyar, sau goma tukuna. Ki riƙa tambayarta a tsallake, kuma ki ajiye bulala.