Yarona ya kwance komai a gidan nan, in barshi ko in hana?

Maman Sadiq:
Salam jama'a dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 11, wallahi ba abin da ya bari a gidan nan, rediyon babansa, tocila, rimot, har 'yar fankar cajin da nake ji da ita a zafin nan ya kwance ya cire moton ciki ya liƙa a robar lemo wai jirgin ruwa ya haɗa, kuma abin haushin jirgin yana tafiya a baho. Babansa yace ɓarna ce kawai, shi likita yake so ya zama, yace ya ƙara ganinsa da sukundireba sai ya zane shi. Ni kuma sai nake ganin kamar baiwa ce, amma fa lissafi a makaranta baya ja. Irin waɗannan yaran injiniya suke zama ko a gareji suke ƙarewa?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki lallaɓa maigidan ya barshi. Mu da motar kara muka fara, tayar sakaina, da muka ɗan tasa muka koma ta langa-langa muna yanka tsohon silifas muna yin taya, ni a nan na gane cewa in tayoyin gaba ba su saitu ba mota gefe take ja, tun ban san akwai wani abu wai shi fiziks ba. Da na shiga jami'a karatun injiniyan kanikanci sai bambancin ya fito fili, wani zai zazzage miki lissafin giyar mota a allo tsaf amma ki miƙa masa sifana bai san ta ina ake kwance noti ba, wanda kuwa ya taso yana taɓa ƙarfe yana kallon zane ya san nan wurin zai karye. Ki duba Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, tun yana yaro zanen motoci ne aikinsa. Ya fara karatun zanen gine-gine a ABU Zariya ya bari ya koma foliteknik ta Birnin Kebbi saboda a can ne ake aikin hannu sosai, daga nan ya wuce Amurka makarantar zane a Detroit ya gama 1994, General Motors suka ɗauke shi, shi ya zana fasalin motar nan Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya.

Abu Zinnira:
Baban Ilham ka faɗi gaskiya amma rabinta ka faɗa. A layinmu kusan kowa yayi motar langa-langa, mutum nawa ne suka zama Jelani? Ni abin da ya tsaya min a maganar Hajiya shine lissafin nan da tace baya ja. Ba lissafi ba fiziks ba kemistiri ko JAMB ɗin injiniya ba zai iya cikewa ba, balle aje ga kos ɗin kansa mai shekara biyar. Mubarak ɗin Kano da ya haɗa helikwafta a 2007 da injin mota da tarkacen ƙarafa har duniya ta ɗauka, ai ɗalibin fiziks ne a BUK lokacin, ba daga sama abin ya faɗo masa ba. Ki samo masa mai lesin, kuma wanda zai haɗa masa lissafin da abin da yake so, ya auna tsawon jirgin nasa da rula, ya lissafa batir nawa zai ja moton, ba wanda zai zo yana sa shi haddar taimstebur da bulala ba.

Oga Sani mai walda:
Hajiya ki yi haƙuri amma kalmar nan ta ƙarewa a gareji ta ɗan sosa min rai. Ki shiga Panteka a Kaduna kiga injin niƙa da na casar masara da mutane suke ƙerawa da hannunsu, ɗaliban injiniya ma wurin irinmu suke kawo furojet a haɗa musu. Shawarata ki daina bari yana taɓa kayan amfani, kije wurin masu gwangwan ki siyo masa matattun rediyo da DVD, ki haɗa masa da filaya da 'yar mitar gwada wuta da akwatinsa na kansa. Sharaɗi ɗaya, batir kawai, ba ruwansa da soket, kuma kada ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko inbata domin suna riƙe wuta a ciki ko an zare su. In anyi dogon hutu ki kai shi wurin mai gyaran rediyo da kika yarda da tarbiyyarsa.

Maman Sadiq:
Oga Sani a yafe min, ba raini nake nufi ba wallahi. Nagode muku duka Allah ya saka da alheri. Zan nuna ma babansa labarin Jelanin nan in ya dawo daga kasuwa. Abu Zinnira makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa daga wane aji ake zana jarabawar shiga, sai ya gama JS3 ko?