Django admin: yadda kowane ma'aikaci zai ga bayanansa kaɗai

mai_koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ma'aikata da yawa suna shigar da bayanai a tebur ɗaya ta admin (shafin sarrafa bayanai) ɗin Django, kayan gina shafukan intanet da Python. Ana so kowa ya ga nasa kawai, shugaba ya ga duka. Waɗanda suka taɓa yi, ina ake tuntuɓe?

tsohon_hannu: Wa alaikumus salam. Fara da ba model ɗin (wato tsarin teburin) filin mai shi, `owner`, ForeignKey (filin da ke haɗa layi da wani tebur) zuwa `settings.AUTH_USER_MODEL`, teburin asusun masu amfani. Sa `on_delete=models.PROTECT`, domin da CASCADE ranar da aka goge asusun mutum bayanansa duk za su bi shi. Sannan a ModelAdmin (ajin da ke tsara model ɗin a admin), inda shugaba shi ne superuser, mai cikakken iko:

```
def get_queryset(self, request):
    qs = super().get_queryset(request)
    if request.user.is_superuser:
        return qs
    return qs.filter(owner=request.user)
```

Shafin gyara da na gogewa ma ta nan suke ɗauko bayani, don haka wanda ya canza lambar da ke cikin adireshin shafi don leƙen na wani, sai a ce masa babu shi. In ka ga tsohon darasi yana cewa `queryset` kawai, na kafin Django 1.6 ne. Ka rubuta haka yau, ba kuskuren da zai fito, tacewar ce dai ba za ta yi ba.

yar_lamba: Malam ya faɗi rabi. In ka bar `owner` a fom, kowa zai iya jingina bayani ga wani. Ɓoye shi da `exclude`, sai a `save_model` ka sa `obj.owner = request.user`, amma sai idan `change` ƙarya ne, wato sabon bayani ake shigarwa. In ka manta wannan sharaɗin, duk abin da shugaba ya gyara ya koma nasa, mai shi na asali ya neme shi ya rasa. In kuma ka ɓoye filin ba ka cika shi ba, IntegrityError zai tare ka.

mai_koyo: Na gode Malama. Shi ke nan an toshe?

tsohon_hannu: Ina! Inda aka fi yoyo shi ne akwatin zaɓi. A ce takardar kuɗi tana da ForeignKey zuwa abokin ciniki: jerin takardun ya tacu, amma akwatin yana nuna abokan cinikin kowa. Maganinsa `formfield_for_foreignkey`, ka duba `db_field.name`, ka sa tataccen jeri a `kwargs["queryset"]`. ManyToMany nasa daban ne, `formfield_for_manytomany`. Haka `list_filter` na gefe, yana jero sunaye duka sai ka ba shi `RelatedOnlyFieldListFilter`. Shi kuwa `autocomplete_fields` daga admin ɗin ɗayan model ɗin yake jawo sakamako, sai ka tace can ma.

bakin_allo: Ga wanda zai taɓa `has_change_permission`: ana kiransa da `obj=None` lokacin buɗe jeri. Ka rubuta `obj.owner` kai tsaye, shafin ya faɗi da AttributeError. Duba None tukuna. Kuma kada a manta, sai asusun yana da `is_staff` da izinin model ɗin, in ba haka ba ko sunan teburin ba zai gani ba. Zuba izinin a Group ɗaya ya fi bin mutane ɗaya-ɗaya.

yar_lamba: Wani tarko kuma: in kana da `unique_together` (dokar hana maimaita haɗin wasu filaye) da ya haɗa da `owner`, fom ba ya duba shi tunda an cire filin. Mutum ya maimaita suna, maimakon jan rubutu na gargaɗi sai shafin ya faɗi da kuskure 500. Sai ka yi binciken da hannu a `clean`. Inline kuwa (fom ɗin wani model da ke cikin shafin wannan) ba ya bi ta `save_model`, `save_formset` ne ƙofarsa.

bakin_allo: In teburin da bayanai a ciki tuni, ƙara filin da `null=True`, cika masu shi da migration (fayil ɗin sauya tebur), sannan ka cire null ɗin. Layin da ba shi da mai shi superuser kaɗai zai gan shi. Duk wannan fa a admin ya tsaya, views da API ɗinka sai ka tace su daban.