Tsakanin Mu Da Facebook, Wa Ya Fi Buƙatar Wani?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana nan na ajiye, wanda bai yarda ba ya fito fili. Tun ranar da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya, a watan Mayun 2025, saboda tarar kusan dala miliyan 290 da hukumomi uku suka ci shi, na ce kurari ne kawai. Ba inda za su. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, galibi matasa, kowa da waya a hannu, ita ce wani ɗan kasuwa mai hankali zai tsallake ya bari? Yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Su suke buƙatarmu, ba mu muke buƙatarsu ba. Idan yau muka daina hawa, wa zai kalli tallar da suke sayarwa?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ka fara daina hawa na kwana uku tukuna, sai mu biyo bayanka.

Injiniya: Baban Khalifa, yawan nan da kake taƙama da shi gaskiya ne, amma ba da kai suke lissafi ba, da aljihu suke yi. A 2024 Meta ya samu dala biliyan 164 da ɗoriya, kuma sama da kashi 95 cikin ɗari daga talla ne. Kafin su daina fitar da lissafin yanki-yanki, sukan faɗi abin da suke samu a kan kowane mai amfani da Facebook. A wata ukun ƙarshe na 2023, mutum ɗaya a Amurka da Kanada ya kawo musu dala 68 da 'yan kai. A Turai dala 23. A Asiya dala 5 da rabi. Rukunin da suke kira sauran duniya, inda aka haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya, dala 4 da rabi. Wato Ba'amurke ɗaya ya kai mu goma sha biyar. Kuma ka tuna a cikin rukunin namu akwai Brazil da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, su ke ɗaga lissafin. Ni a ganina rabon ɗan Najeriya bai ma kai wannan ba, musamman bayan faɗuwar naira, domin mai talla a Kano da naira yake biya, shi kuma kamfani da dala yake ƙirga riba.

Baban Khalifa: To in ba mu da wani amfani, Injiniya, me ya kawo Zuckerberg, mai Facebook, Legas da ƙafarsa a 2016? Me ya sa Google ya jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku, Equiano, ta sauka Legas a 2022? Me ya sa Meta da abokan hulɗarsa suka shimfiɗa 2Africa mai tsawon kilomita dubu 45? Sadaka suke yi?

Injiniya: Ba sadaka ba ce, kuma ban ce ba mu da amfani ba. A Amurka da Turai kusan duk wanda zai buɗe shafi ya riga ya buɗe, ƙaruwar mutane sai a Indiya da Afirka da makamantansu. Gobenmu suke saye, ba yau ba. Bambancin shi ne, abin da ake sa ran zai kawo kuɗi nan da shekara goma, ana iya jingine shi in ya cika rigima. Abin da ke kawo kuɗi yau ba a wasa da shi.

Hajiya Maman Ummi: Ni ban san dala nawa nake kawo musu ba, amma na san abin da suke kawo mini. Atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa daga cikin gidana. Ba ni da shago, ba na biyan haya, ba na fita. In ɗora a WhatsApp da Instagram, a zaɓa, a turo kuɗi, in ba mai Keke ya kai tasha. Ina da masu saye a Gombe da Minna da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ku tuna ranar 4 ga Oktoban 2021 da dukkansu ukun suka ɗauke na wajen awa shida a faɗin duniya. Matan da ke wannan sana'ar kowa ta san yadda ciniki ya tsaya cak. Don haka Baban Khalifa ka yi haƙuri, in kai ba ka buƙatarsu, mu muna buƙata.

Baban Khalifa: Hajiya, ai ba Facebook ne ya ƙirƙiri ciniki ba. Iyayenmu mata sun yi dillanci gida-gida tun ba a haifi mai Facebook ba. In sun tafi wani zai zo.

Hajiya Maman Ummi: Dillaliya unguwa biyu take zagawa, ranka ya daɗe, kuma da la'adarta.

Barista: Bari in shigo ta ɓangaren shari'a, don ina ganin kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Babbar tarar ta hukumar kare haƙƙin masu saye ce, FCCPC, dala miliyan 220, a watan Yulin 2024. Zargin shi ne kamfanin yana sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba, kuma yana hana su zaɓin da yake ba mutanen wasu ƙasashe. Meta ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Sauran kuɗin na hukumar kare bayanai ne da hukumar kula da tallace-tallace. To ku raba dala biliyan 164 a kan kwanakin shekara, za ku ga a 2024 sun samu wajen dala miliyan 450 kowace rana. Ke nan tarar FCCPC ɗin cinikin rabin yini ce. Wanda ke samun haka ba kuɗin ne ke tayar masa da hankali ba. Sharuɗɗan da ke biye da tarar su ne abin tsoro, domin in Najeriya ta tilasta masa canza yadda yake tara bayanai, gobe Kenya za ta nema, jibi Indonesiya. Barazanar tafiya hanyar ciniki ce. Sun taɓa yi wa Turai irinta a 2022 kan batun kwashe bayanai zuwa Amurka, a 2023 aka ci su tarar yuro biliyan 1.2, kuma suna nan ba su tafi ba.

Baban Khalifa: Alhamdu lillahi, ga lauya ya tsaya mini. Kurari ne, na faɗa.

Barista: Kada ka yi saurin murna, Yallaɓai. Ba su bar Turai ba ne don ana samun dala 23 a kan kowane mutum, kuma ƙasashe 27 ne ke magana da murya ɗaya. Sannan ba kullum suke tsayawa a baki ba. A Fabrairun 2021 sun toshe labarai gaba ɗaya a Ostireliya na 'yan kwanaki, sai da gwamnati ta sassauta dokar da ta ce su riƙa biyan kafofin yaɗa labarai. A Kanada sun toshe labarai tun Agustan 2023 kan irin wannan doka. Kanada fa, wadda ke cikin rukunin dala 68. Ba su fita ƙasar ba, amma sun yanke abin da suka ga ba ya kawo musu riba, suka bar gidajen jarida da asara.

Auta: Ni duk wannan maganar Facebook ɗin ta tsofaffi ce, ku gafarce ni. Sa'o'inmu suna TikTok. In Facebook ya tafi yau, zuwa Juma'a an manta da shi.

Injiniya: Ƙanina, maganarka ta fi taimakona fiye da yadda ta taimaki Yayanka. Dubi Indiya. A Yunin 2020 gwamnati ta haramta TikTok, lokacin yana da masu amfani wajen miliyan 200 a can. Ina mutanen suka koma? An yi ta buɗe manhajojin gida, amma ƙarshe Instagram ya fito da nasa gajerun bidiyo irin na TikTok, wato Reels, YouTube ya fito da Shorts, wanda ma a Indiya aka fara gwada shi, suka kwashe jama'ar. Daga hannun kamfanin China zuwa hannun kamfanonin Amurka. Mu ma mun gani a nan. Da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a Yunin 2021 bayan an goge saƙon shugaban ƙasa, hukumomin gwamnati sun koma wata manhajar Indiya mai suna Koo. Mutane ba su bi su ba, VPN, manhajar tsallake toshewar, suka sauke suka ci gaba da harkarsu. A Janairun 2022 aka ɗage takunkumin, ita kuwa Koo ta rufe a 2024. Mutum ba manhaja yake bi ba, mutanensa yake bi. Inda 'yan uwanka da masu sayen kayanka suke, nan za ka zauna ko kana so ko ba ka so. Shi ya sa Facebook ya sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012, ya sayi WhatsApp dala biliyan 19 a 2014. Duk ƙofar da za ka fita, sun riga ka tsayawa a bakinta.

Baban Khalifa: Amma a rigimar Twitter wa ya sauko? Ba kamfanin ne ya amince zai yi rajista a Najeriya ya biya haraji ba?

Barista: Haka gwamnati ta sanar. Amma wata bakwai aka yi, masu sana'a a kai suka yi ta asara, kuma a 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Ni ba zan kafa hujja da wannan a matsayin nasarar talaka ba.

Malam Lawal: Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. 'Ya'yana, duk kuna ta auna kuɗi, ni abin da ke damuna daban ne. In kana son sanin matsayinka a wurin mutum, dubi abin da yake kashewa don kare ka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kashi 87 cikin ɗari na abin da ake kashewa wajen yaƙi da labaran ƙarya yana tafiya ne ga Amurka, sauran duniya duka ta raba kashi 13. A 2018, lokacin rikicin Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki da ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, ana cewa ga abin da aka yi wa ƙabila kaza. 'Yan sandan jihar da kansu suka ce hotunan sun ƙara rura wutar. A Myanmar ma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Facebook ya taka babbar rawa wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya, kuma kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Yanzu ku shiga ku ga zagin da ake yi da Hausa, da habaici da zambo da tunzura jama'a a kan addini. Na'urar da aka horar da Turanci ina za ta gane habaicin Bakano? Da mu ne ke riƙe da su kamar yadda Baban Khalifa ke faɗa, da sun cika ofis da masu jin Hausa.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ku a Najeriya ma kuna da bakin cin su tara. Mu a Nijar wa ya san da mu? Amma ga abin da nake so ku lura: bidiyon da aka yi a Kano, a Maraɗi da Damagaram da Agadas ake kallonsa, har zango a Kumasi da 'yan uwanmu na Sudan da Saudiyya. Masu jin Hausa miliyoyi ne masu yawa, amma a littafin kamfanonin nan an yayyanka mu ƙasa-ƙasa, kowane yanki da ɗan farashinsa. Ba a lissafa mu a matsayin kasuwa ɗaya.

Auta: Wannan gaskiya ne Kawu. Duk mai ɗora bidiyo a YouTube ya san haka. Sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da kai, a ba ka kashi 55 cikin ɗari. Amma kashi 55 na nawa? Ya danganta da inda mai kallon yake zaune. Shi ya sa masu finafinai masu dogon zango ke murna in 'yan ƙasar waje suna kallo, kuma suke cusa tallar masu magani da masu filaye a tsakiyar fim. Facebook ma sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla, bayan shekara da shekaru muna cika musu shafi kyauta, da datarmu.

Baban Khalifa: To ai kun dawo kan maganata! Wa ke cika shafin? Mu. Facebook bai taɓa yin bidiyon barkwanci ko wa'azi ko girki ba. Mu ke yi, mu ke kallo, mu ke sayen data, wadda aka ƙara wa kuɗi da kashi 50 a farkon 2025. Ƙarfin yana hannunmu, ba mu san muna da shi ba ne kawai.

Injiniya: Ƙarfin da ba za ka iya haɗa shi wuri ɗaya ba, ba ƙarfi ba ne, Baban Khalifa. Ta ina za ka sanar da mutum miliyan hamsin cewa gobe kowa ya ƙaurace? A WhatsApp za ka tura.

Hajiya Maman Ummi: In za ku yi yajin aikin ku bari sai bayan Sallah, don Allah. Na riga na saro kaya.

Barista: Hajiya kwantar da hankalinki, ba wanda zai yi. Abin da zai iya tasiri shi ne ƙasashen Afirka su haɗa dokar kare bayanai guda, su riƙa magana tare kamar yadda Turai ta yi da dokarta ta 2018. Amma ni kaina ina ɗari-ɗari, domin gwamnatin da za ka ba sandar dukan Meta, da ita za ta doki ɗan jarida da ɗan adawa. Malam, kai da ka ga jiya ka ga yau, wanne ka fi tsoro?

Malam Lawal: Dukansu, ɗana. Sai dai ɗaya na san ofishinsa, na kuma san ranar zaɓe.

Baban Khalifa: Ni dai ina nan a kan bakana, ba za su tafi ba. Injiniya, in ka isa mu sa sharaɗi, duk wanda ya faɗi ya saya wa 'yan zauren nan data ta wata guda.

Injiniya: Ban taɓa cewa za su tafi ba, je ka sake karantawa. Cewa na yi in sun zauna, a kan sharaɗinsu za su zauna. Kuma caca haramun ce, tambayi Malam.