Shafin gyara ya ƙi buɗe min a Wikipedia ta Hausa, ina zan kai rahoto?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar Juma'a in na danna "gyara" a kwamfutata, shafin sai ya yi ta juyawa ba ya buɗewa. A wayar ƙanina kuwa lafiya lau. Ga kuma wasu kalmomi a gefen shafi da har yanzu suke da Turanci. Ina so in sanar da masu manhajar amma ban san ta inda ake bi ba, kuma Turancin nawa ba wani na kirki ba ne.

Wani tsohon edita:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kai ƙara ka duba ko ɓarawon a cikin gida yake. Ka ƙara ?safemode=1 a ƙarshen adireshin shafin ka sake gwadawa. Wannan yana kashe duk ƙananan kayan aikin da ka kunna da wanda ka ɗora wa asusunka. In ya buɗe, matsalar ba ta MediaWiki, wato manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, ba ce, kuma ko ka kai musu rufewa za su yi. Amma da ka ce Juma'a na ɗan yi tsaki, domin galibi ranar Alhamis sabon zubin manhajar ke isowa mafi yawan Wikipedia, abin da aka ɗora tun da can yakan daina jituwa da shi.

Wata 'yar'uwa:
In safemode bai yi ba, Phabricator za ka je, wato shafin da ake kai rahoton matsalolin manhajar. Tun 2014 ya gaji tsohon shafin kai rahoto mai suna Bugzilla, kuma da asusunka na Wikipedia za ka shiga. Ka fara bincike, wataƙila wani ya riga ka. In haka ne ka ƙara bayaninka a ƙarƙashin nasa. In sabo za ka buɗe, ka faɗi abin da ka danna bi da bi, abin da ya faru, da abin da ya kamata ya faru. Ka sa adireshin muƙalar da sunan burauzarka da lambarta. Ka danna F12, duk jan rubutun da ka gani a sashen da aka rubuta Console, inda burauza ke nuna kurakurai, ka kwafo shi. Turanci gajere ya isa, ba jarrabawa ba ce. Don Allah dai kar ka rubuta "ba ya aiki, ku gyara da gaggawa" ka tafi. Da yawa daga masu dubawa 'yan sa kai ne kamar mu.

Wani mai fassara:
Batun kalmomin Turanci daban ne, kar ka haɗa su a rahoto ɗaya. Wannan aikinmu ne, a translatewiki.net ake yi. Ka sa ?uselang=qqx za ka ga sunan kowane saƙo, ka nemo shi can ka fassara. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai da ka fara rubutawa a shafin tattaunawar al'ummarmu, a ji ko wasu na fama da shi. Kuma in hoton allo za ka ɗora, ka rufe imel ɗinka, kowa na iya gani.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na sa safemode ya buɗe nan take. To yanzu ta ina zan gano wanne ne?

Tsohon editan:
Ka buɗe Special:MyPage/common.js, shafin da ke ɗauke da kayan aikin da ka ɗora wa asusunka, ka kwashe abin da ke ciki ka ajiye gefe. Sai ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, kana sabunta shafin, har ka kai kan wanda ke tsayar da shi.