Wane irin alminiyum ne ya dace da ƙera motar tsere?

Malamin Fasaha:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sashen kanikanci na wata kwalejin fasaha, kuma ni da ɗalibaina mun ƙuduri aniyar ƙera ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, wadda za mu ɗora wa injin babur. Tun da injin ba mai ƙarfi ba ne sosai, rage nauyi muka sa a gaba, shi ya sa ɗaliban suka nace a yi komai da alminiyum, har da firam ɗin da direba zai zauna a ciki. A takardun masu sayarwa na ga lambobi iri-iri, 3003 da 5052 da 6061 da 7075, aka kuma ce 7075 ne ya fi ƙarfi. Shin mu saye shi mu yi komai da shi, ko kuwa kowane sashe na motar da irin wanda ya dace da shi?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku fara da tambayar wanda ya fi ƙarfi. Ku fara da tambayar abin da za a yi wa ƙarfen: lanƙwasa shi za a yi, ko walda, ko kuwa sassaƙa shi za a yi da injin?

Lambar farko ita ce ke nuna abin da aka gauraya alminiyum ɗin da shi. Wanda ya fara da 3 manganis aka sa masa, mai 5 magnesiyam, mai 6 magnesiyam da silikon, mai 2 jan ƙarfe, mai 7 kuma tutiya. 3003 yana da laushi, yana bin guduma ba tare da ya tsage ba, don haka da shi ake buga bodi. 5052 ya fi shi ƙarfi, yana karɓar walda sosai, shi ne na tankin mai. 7075 kuwa, wanda kamfanin Sumitomo na Japan ya samar da asalinsa a 1936 domin jiragen yaƙi, ƙarfinsa ya kai kusan megafaskal 570 (megafaskal shi ne ma'aunin ƙarfin ƙarfe), alhali 6061 bai wuce 310 ba. Sai dai ba a yi masa waldar narkarwa a wurin da zai ɗauki nauyi, domin yana tsagewa tun yana hucewa, kuma tsagar ba lalle ne ido ya gan ta ba. Wurinsa shi ne sassan da ake sassaƙawa daga dunƙule guda a ɗaure su da noti, kamar mariƙin taya da mariƙin birki.

Shi 6061 yana karɓar walda, amma akwai abin da ya kamata ɗalibanku su gane game da alamar T6 da ke bin lambarsa. Ma'anarta an gasa ƙarfen a kusan digiri 530, an tsoma shi a ruwa, sannan an sake ɗumama shi a kimanin digiri 160 zuwa 175 na sa'o'i da dama, kuma wannan aikin ne ya ba shi ƙarfinsa. Zafin walda yana warware shi, har ƙarfin gefen ɗinkin ya sauko zuwa wajen megafaskal 165, wato kusan rabi ya tafi, kuma a daidai mahaɗa, inda aka fi bukatarsa.

Batun nauyi ma sai an duba shi da kyau. Dunƙulen baƙin ƙarfe mai kilo 7.8, idan aka yi mai girmansa da alminiyum kilo 2.7 zai yi. Amma taurinsa wajen ƙin lanƙwasa shi ma kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, kuma wannan bai canzawa ko 7075 aka saya. A firam na bututu, sai an ƙara kauri da faɗi kafin a samu taurin da ake so, ribar nauyin kuma ta ragu ƙwarai.

Mai Bibiyar Tsere:

Injiniya, bayaninka ya gamsar, sai dai ina ganin ka ɗan tsananta. A 1962 Colin Chapman ya fito da Lotus 25, wadda aka ƙera jikinta da fallayen alminiyum da aka naɗe aka haɗa da ribit (ƙusoshin da ake danne bakinsu su riƙe falle biyu), direba yana kishingiɗe a ciki, kuma da ita Jim Clark ya ci gasa 7 cikin 10 na Formula One a 1963. Haka aka ci gaba da yi kusan shekara 20, har McLaren ta kawo MP4/1 ta zaren kabon a 1981, kuma ko yau a tsakanin fallayen kabon ɗin akan sa alminiyum mai siffar saƙar zuma. Ko a firam na bututu ma akwai misali, domin Porsche 917 da ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1970 bututun alminiyum aka yi wa walda, firam ɗin duka bai wuce kilo 42 ba. To me zai hana ɗaliban Malam gwadawa?

Injiniya:

Misalan nan naka, Mai Bibiyar Tsere, su ne hujjata. Lotus ribit ta yi amfani da shi, ba walda ba, saboda haka zafi bai taɓa ƙarfin fallayen ba. Porsche kuwa ta san firam ɗinta zai iya tsagewa, shi ya sa aka ɗura wa bututun iska mai matsi, domin da matsin ya sauka a san tsaga ta ɓulla a wani wuri. Baƙin ƙarfe yana da iyakar da idan girgiza ba ta kai ta ba zai daɗe ƙwarai bai gaji ba. Alminiyum ba shi da wannan iyakar, kowace girgiza tana rage masa kwana, kuma mota mai injin babur ba ta rabuwa da girgiza. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ma ta tanadi cewa kejin da ke kare direba a motocin rali a yi shi da bututun baƙin ƙarfe marar ɗinki, mai ƙarfin da bai gaza megafaskal 350 ba. Ran ɗalibi ne zai shiga cikin firam ɗin nan, ni dai ba zan ba da shawarar a yi gwaji a kansa ba.

Maigidan Walda:

Ranka ya daɗe Malam, ni abin da hannu ke gani zan ƙara. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke kansa sai ta haura 2,000 kafin ta narke, kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka. Kana riƙe da wuta sai ka ga fuskar ta yi sheƙi, kafin ka ɗaga hannu wurin ya rufta ya bar rami. Dole a samu injin walda irin na TIG mai wutar AC da iskar agon, a goge wurin da buroshin ƙarfe marar tsatsa wanda bai taɓa shafar baƙin ƙarfe ba. Tankin 5052 a ɗinke shi da sanda 5356, shi kuwa 6061 yana karɓar 4043 ko 5356.

Babbar matsala a kasuwa take. Yawancin bututun alminiyum da za ku samu na tagogi da ƙofofi ne, wato dangin 6063, wanda bai kai 6061 ƙarfi ba, kuma sau da yawa babu lamba a jikinsa. Haka nan kada a kai wa masu zuba tukwane aikin mariƙin taya. Sun iya sana'arsu, amma abin da suke narkarwa haɗin gambiza ne na tsofaffin fistin da gwangwani, ba wanda zai iya faɗin abin da ke ciki, kuma zubin yakan fito da ƙananan ramuka a ɓoye.

Malamin Fasaha:

Allah ya saka muku da alheri. Za mu yi firam da kejin direba da bututun baƙin ƙarfe, bodi da 3003, tanki da 5052. Saura mariƙin taya: idan 7075 ya gagare mu saboda tsada, 6061 zai iya tsayawa a madadinsa?

Injiniya:

Zai iya, Malam, muddin T6 ne mai lamba a jiki da takardar shaida, kuma a sassaƙa shi daga dunƙule guda ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Ku ƙara masa kauri, ku zagaye kowace kusurwa ta ciki, domin a kusurwa mai kaifi tsaga take farawa. Bayan kowane gwaji a kwance shi a wanke, a shafa masa jan ruwan gano tsaga, musamman a bakin ramukan noti da mazaunin boris.