Taƙaitawa: a mayar da mota mai amfani da gas ko a bari?

Jama'a muhawarar da ake ta yi kan mayar da mota ta koma amfani da CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta sha maimakon fetur, ta yi tsawo sosai, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Tunda Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, gas ya fi fetur sauƙi, musamman ga masu motar haya da 'yan adaidaita da ke yini a titi.

2. Kar ka yarda mai walda ya haɗa maka tukunya a lungu, ta CNG daban ta girki daban, matsin da ke cikinta ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), an ma tuno da motar da ta yi bindiga a gidan mai a birnin Benin na jihar Edo a 2024 saboda tukunyar haɗin gida ce. Wannan kam ba wasa.

3. Motar ba ta daina shan fetur, gas ya ƙare ka danna maɓalli ka koma.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce tukunyar na cinye but, babu wurin buhun shinkafa balle kayan iyali, kuma mota na rage ƙarfi a hawa. Wasu suka ce bakanike ne bai saita daidai ba.

Sai gidajen gas, mutanen Abuja da Legas na cewa lafiya lau in ban da layi, 'yan can ciki kuwa suka ce a ina za mu sha? a jira bututun AKK (na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) ya fara kawo gas Kano tukuna. A nan fa siyasa ta shigo aka bar mota aka koma zaɓen 2027, wannan ɓangaren na tsallake shi.